Faifan da Baba Ya Ce a Rufe

Daminar bana ta zo da ƙarfinta. Tun shigowar watan nan ba mu ga rana ta yini cur ba a Unguwar Dosa. Shanya ta ƙi bushewa, gishiri ya narke a kwano, ƙofar ɗakin Inna ta kumbura sai an sa kafaɗa take rufuwa. Shekaranjiya rufin ya fara yoyo daidai saman tsohuwar adakarta, muka janye ta muka zazzage kayan ciki. Can ƙasa, naɗe cikin wani tsohon ɗankwali, na ci karo da faifan sidi guda biyu. Inna da kullum take kukan idonta ya yi rauni ta riga ni gane su.

Ta ce, "Na Malam ne. Ki sa mini in ji." Haka take kiran Baba.

Na ce to, na miƙe. Sai da na tsaya tsakar ɗaki na tuna duk gidan nan babu abin da ke cin faifai. Kwamfutar da nake aiki da ita siririya ce, ba ta da ko bakin da za a zura shi. Na koma na zauna da su a cinya, ruwa yana ɗiga cikin bokiti, hankalina ya tafi wata damina ta kusan shekara ashirin baya.

A waccan shekarar azumi tsakiyar ruwa ya kama mu. Masu cewa azumin damina yana da sauƙi ba su taɓa hura jiƙaƙƙen itace da bakin azumi ba. Ƙishirwa kam babu, amma yunwar sanyi ce, mai shiga ƙashi tun hantsi. Tsohon hatsi ya ja baya a kasuwa, sabo bai iso ba, gero ya yi tsadar da Inna take ɗibar na kunu da tafin hannu. Taransifomar layinmu ta buga tun kafin a ga wata, muka koma fitilar ƙwai da dutsen guga na gawayi. Kwatar ƙofar gida kuwa in ta cika sai ta shigo zaure ta gaishe mu.

Baba tela ne. Yana da rumfa a Babbar Kasuwa, amma a shekarar ya kwaso kekensa mai ƙafa ya dawo da shi zaure, saboda jiki ya fara ƙi. Tun bazara muryarsa ta dishe. Aka sha zuma, aka sha citta, aka sha kanumfari, ba ta washe ba. Daga baya likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, za a yi aiki bayan Sallah, kuma za a cire har da inda murya take fitowa. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi likitan ko zai samu ya gama ɗinkin Sallar mutane.

Wanda bai san Baba ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. Mutum ne mai surutu na Allah Ya isa. Yana ɗinki yana hira, yana alwala yana tsokana, mai kawo gyaran wando sai ya manta da abin da ya kawo shi. Ni sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Tunanin cewa watan nan ne na ƙarshe da zan ji wannan kiran shi ya hana ni sukuni. Na ji tsoro ƙwarai, kuma ban san inda zan kai tsoron ba.

A lokacin ina buga takardu a wani ofishin gwamnati, shi ya sa gidanmu suka ɗauke ni gwanar kwamfuta, alhali iyakar sanina buga wasiƙa. Wayata tana ɗaukar murya, sai dai cikinta ƙarami ne, hira ɗaya take cika shi. Na kawo shawarar kullum Baba ya ba ni labarin rayuwarsa in ɗauka, in kai a juye a faifai, in goge na wayar, washegari mu ci gaba. Inna ta ce me ya hana kaset? Rediyonmu mai kaset ya daɗe yana tauna zare, mai gyara ya ce an daina kawo kayansa. Na ce mata faifai ya fi, ba ya tsinkewa, za a ƙona muryar a kai ta zauna har jikoki.

Inna ta ajiye ludayi. "A ƙona? Mutum da ransa za ki kai muryarsa a ƙona?"

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in dai ƙonawa ce to shi ma zai je ya ga wutar da idonsa.

Ranar farko gwaji kawai muka yi, ɗan gajere, don mu ga ko abin zai yiwu. Da yamma muka shiga bas zuwa kasuwa. Akwai wani Sabo a layin masu waya, mai sa wa mutane wa'azi da waƙoƙin biki a faifai, shi ne mai igiyar da ta dace da wayata. Ya juye gwajin a kwamfutarsa, ya fasa sabon faifai ya zura. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska ta fara kwasar ledoji, ni ina bakin ƙofa ina kokawa da lema. Sai na ji Sabo ya ce, "Baba, a rufe?"

Baba ya leƙa sama ya ce, "Rufe shi da kyau, ɗana. Ba ka ga hadari ba?"

Ni ma na ji, kuma ban ga abin gyara a maganar ba. Muka dawo gida a jiƙe, faifai a ƙirjin Baba cikin rigarsa, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Washegari muka fara na gaske. Na kai wa Sabo labarin farko da faifan, ya zura, kwamfuta ta tofo shi. Ya ce ai wannan an rufe shi, ba a ƙara masa komai har abada. Ya juya mini bayansa a haske ya nuna wani siririn zobe kusa da ramin tsakiya, bai kai faɗin zare biyu ba. Wai iya abin da aka rubuta ke nan. Na ce to duk wannan filin da ya rage fa?

Ya ce, "Fili na nan, Malama. Ƙofa ce babu."

Da na faɗa wa Baba sai ya riƙe haɓa. Ya ce shi fa leda yake nufi. Inna ta ce ga irinta nan, an ƙona, an rufe, saura a watse. Ta faɗa da wasa ne, amma tana gama faɗa ta shige kicin, don kowa ya san wa ake rufewa a watse.

Muka sayi faifai na biyu, na gargaɗi Sabo har sau uku kada ya rufe. Ya ce zai bar shi a buɗe a riƙa ƙarawa, amma in sani ba zai yi magana a injin kallo na gida ba sai ranar da aka rufe shi. Ya kuma ce zai riƙa ajiye mini kwafi a kwamfutarsa. Hankalina ya ɗan kwanta.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya. In gari ya waye, kunun sahur bai gama bushewa a maƙogwaron Baba ba, lokacin muryarsa ta fi fita. Sai mu zauna a zaure, in kai wayar dab da bakinsa. In ruwa ya sauko a kan kwano sai mu lulluɓa da bargo mu biyu, don kada ƙarar ta cinye maganar. A cikin bargon nan, da warin man keke da na jiƙaƙƙen yadi, na ji abubuwan da ban taɓa ji ba. Yadda ya baro ƙauyensu na ƙasar Zazzau a jirgin ƙasa da kan keke a naɗe cikin tabarma. Yadda ya yi damina guda yana kwana a ƙarƙashin teburin maigidansa. Yadda Inna ta riƙa kawo gyaran zanen da babu abin da ya same shi. Inna daga tsakar gida ta ɗaga murya ta ce ƙarya yake yi, kuma in tabbatar wayar ta ɗauki nata ita ma.

Daga nan in tafi aiki, in an tashi in bi ta kasuwa. Sabo ya juye, ya ƙara a faifai, ya nuna mini sunayen sun jeru a allo. Sai a zo wurin da na fi tsana, wato gogewa. Kullum sai yatsana ya tsaya a kan madannin kafin in danna. In na dawo gida in tarar da Inna cikin hayaƙi idonta jawur, in karɓi niƙan wake, mu soya ɗan ƙosan da man ya isa. Bayan la'asar ni da ita muke yi wa Baba ƙananan ayyuka, ita ta sa maɓalli, ni in hura gawayin guga, shi yana taka keke da siraran ƙafafunsa.

Shan ruwa shi ne lokaci mafi wuya. Likita ya ce Baba ya ajiye azumi, ya ƙi, wai ai ko ya ajiye ba abin da zai wuce. Gaskiyarsa ce. Kunu kaɗai yake iya haɗiya, shi ma sai an tace da ƙyalle ya zama ruwa-ruwa. Ƙamshin gasasshiyar masara yana shigowa daga titi, mu da muka yini da yunwa muna jin kunyar tauna a gabansa. Inna takan juya baya ta ci ƙosanta kamar mai sata. Shi kuwa sai ya ce mu ci da ƙarfi ya ji ƙarar, wai ta nan yake ƙoshi.

Wajen tsakiyar wata Baba ya ba ni labarin mahaifiyarsa, mai sunana, da yadda saƙon rasuwarta ya iso shi bayan an riga an binne ta. Ya yi kuka a cikin bargon, ni ma na yi. Da na isa kasuwa ranar na tarar da layin masu waya yana warin ƙonanniyar roba. An kawo wuta da ƙarfi da rana, ta bi shaguna ta cinye abin da ta samu a jone. Sabo yana zaune a kan benci da kwamfutarsa a buɗe kamar an fasa cikin akuya. Bai ko iya ɗaga ido ba. Kwafin da yake ajiye mini ya tafi tare da hanyar abincinsa, ban ga fuskar yi masa ƙorafi ba.

Waya ta cika, ba halin ɗaukar sabo. Safiya biyu Baba yana zama a zaure da bargonsa yana jirana, ina cewa sai gobe, muryar kuma kullum ƙara shigewa take yi. Na ari igiyar Sabo na shiga wani shago a wani layin. Mutumin ya karɓi faifan, ya ƙara labarin, ya buɗe don ya nuna mini. Suna ɗaya ne a allon, na ranar. Duk na baya babu.

Na ce ina sauran? Ya ce suna ciki, sabon ne ya hau gabansu ya tare, haka yake faruwa wani lokaci in an canja kwamfuta. Ya juya faifan, ga zoben nan ya yi faɗi ya kusa rabi. Ina kallon muryar ubana da idona, ba ni da hanyar isa gare ta. Na kai ofis, kwamfutar ofis ma ɗaya ta gani. Na koma wurinsa, ya ce wataƙila in an rufe faifan su fito. Na ce ya rufe. Yana cikin rufewar janaretan layin ya yi tari ya mutu. Da aka tayar, faifan ya daina buɗuwa gaba ɗaya, sai dai ya yi ta juyi a ciki yana ƙara.

Ban tuna yadda na hau bas ba. Na tuna dai ruwa ya tare mu a hanya, aka kira sallar magariba ina cikin mota, wata mata ta miƙo mini dabino na riƙe shi har gida ban ci ba.

Na faɗa wa Baba komai a gaban Inna. Ya tsayar da kekensa. Sannan ya ce, da ɗan abin da ya rage masa na murya, "To, Uwata, sai mu sake. Ai labarin bai ƙone ba, yana nan."

Mijin yayata da ke aiki a Mando ya ji abin da ya faru, ya aro mana filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, abin da a lokacin sai wane da wane. Ya ce wannan ba ruwansa da rufewa, a zuba a kwashe yadda aka ga dama. Inna da ta ji an ce filas ta ɗauka na shayi ne, ta ce to ko ba komai muryar za ta zauna da ɗuminta. Da ta ga ɗan abin bai kai yatsa ba ta taɓe baki.

Muka sake daga farko a goman ƙarshe. Amma ba labarin da ba ne. Jirgin ƙasan da ya ci safiya guda yanzu jimla uku ne da tari. Zanen Inna bai ma samu shiga ba. In ya yi magana kaɗan sai ya dafe wuya ya rufe ido, in ce mu bari, ya girgiza kai. Duk da haka na tara abin da na samu a filas, har da labarin mai sunana da na ƙi gogewa sai da na ga ya shiga. Don tsoron abin da ya faru, na ce bari in aika wa wani ɗan'uwanmu ta imel ya zama wuri biyu. Na yini a kafen intanet da azumi ina kallon wani ɗan layi yana rarrafe a allo, in ya kusa kaiwa sai sabis ya yanke. Ko ɗaya bai tafi ba. Abin da na samo a kafen cuta ce, filas ya kwaso ta, sunayen ciki duk suka rikiɗe suka ƙi buɗuwa.

Mijin yayata ya ce kada in damu, akwai mai cire cutar a wurin aikinsu. Ya dawo da shi washegari fuskarsa a sake. Ya ce mutumin ya tambaye shi ko a wanke, shi kuma ya ce a wanke tas. Sai da ya ga fuskata ya gane abin da aka wanke.

Abin da ya rage a wayar ɗaukar safiyar jajibirin Sallah ce. Na saurara sau da yawa, ruwa kawai ake ji a kan kwano da numfashin mutum. Baba ya gama ɗinkin mutane kaf, ya je idi da lema, bayan Sallah aka yi aikin.

Ya rayu shekaru bayan nan. Da almakashi yake kiranmu, ya ƙwanƙwasa a jikin keke, nawa bugun daban, na Inna daban. Da aka gyara mana wuta na ɗauko rufaffen faifan na ce in sa masa, ya ɗaga hannu ya girgiza kai. Inna ta karɓe duka biyun ta naɗe ta kai adaka, ba wanda ya ƙara tayar da zancen, har ya rasu.

Yanzu wayata cike take da muryoyin mutane, gaisuwar Juma'a, tallan atamfa, faɗan 'yan unguwa a kan kwata. Ba ta cika, in ma ta cika wai akwai wani wuri a sama da ake kira gajimare, can ake ajiya. Duk sanda aka ce mini haka sai in tuna Baba yana leƙa hadari a ƙofar shagon Sabo.

Jiya na ɗaura faifan biyu a leda na shiga kasuwa cikin yayyafi. Shagon Sabo yanzu rigunan waya ake sayarwa, ba wanda ya san inda ya koma. Na yi ta tambaya har aka kai ni wurin wani mai gyaran rediyo da ke da tsohon injin faifai a ƙarƙashin tarkace. Ya ɗaga na biyun a haske, muka ga fatarsa ta ɓare wuri-wuri, ana hango rufin shagon ta cikinsa. Ya ce da bai ɓare ba, yanzu akwai dabarar fito da abin da ya ɓuya. Na ce masa na gode, ya bar zancen haka. Na farkon kuwa ya goge shi da gefen rigarsa ya ce wannan da alama zai yi, an rufe shi da kyau. Ban bari ya gwada a can ba, na roƙi aron injin na rungumo shi zuwa gida.

Sai bayan la'asar aka kawo wuta. Na jona a ɗakin Inna, na ajiye wayata kusa da lasifika tana ɗauka. Faifan ya yi juyi, ya yi shiru, har na fara cire rai. Sai ga tari, sai ga ƙarar keke an tsayar da shi, sai ga muryar Baba.

"Ta fara? To me zan ce? Assalamu alaikum, jama'ar cikin waya." Dariyata ta fito, ta yarinya, har na kasa gane ta. "Uwata, matso da ita. Ke uwargida, ana ɗaukar maganata, ki rage tsamiya a kunun nan, jiya sai da kunnena ya motsa." Daga nesa muryar Inna ta ce in bai so ya dama da kansa. Ya yi dariya, dishi-dishi amma cikakkiya. "Kin ji ko? Haka nake fama. To ya isa, ai gwaji ne. Kashe, Uwata. Gobe ma fara."

Injin ya tsaya. Ruwa yana ɗiga a bokiti. Inna tana zaune a bakin gado, tafin hannunta a kan gwiwa, fuskarta wajen lasifikar.

Ta ce, "Allah Ya kai mu, Malam."